Jinin ƙaho a gwangwanin tumatir

Innalillahi! Da safen nan aka ce mini Baba Ishaya ya rasu. Na kasa zaune, na kasa tsaye.

Shi ne mai awon jini a likitar mishan, wato asibitin da ke wajen Madawa, tun ina budurwa.

Cikin shekarun casa'in, ana tsakar girbin gero, na wayi gari a garinmu Allakaye kunnena na hagu ya mutu. Ba ciwo, ba ruwa, sai wani zuuu kamar ƙudan zuma. Haka ya faru da babana, sai gari ya ɗauka cewa a jininmu yake.

Inna ta sa wanzami ya yi mini ƙaho a bayan kunne. Baƙin jinin da ya fito ta juye a gwangwanin tumatir, ta ɗaure da leda. Sai da aka gama kai dammuna rumbu muka kama hanyar likita. Wai ai cutar tana cikin gwangwani, ina za ta?

Ku ji fa! Jinin ya bushe, ga wari.

Wallahi Baba Ishaya bai yi dariya ba. Da hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna." Sannan ya ɗebi sabo a hannuna.

Bai ɓoye mini komai ba: "Ɗiyata, madubin awona na ganin masassara, ba shi ganin cutar gado. Kuma kun daɗe. Irin wanga ba a kwana da shi gida."

Kunnen bai dawo ba. Amma tun ranar, duk inda muka haɗu sai ya zagayo ta damana kafin ya yi magana, kamar dai inuwa yake nema.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Sallar layya ne, a ƙofar gidansa. Ya ce ya ji masu bincike na neman alamun gadon irin wannan kurunta cikin jini. "Da ina da ƙuruciya, da na koma lakwal in ƙaro karatu! Ke, in abin ya taɓa ɗiyanki, kira ni nan take, in hwaɗa miki wa za ki gani."

Jiya ɗiyata Rakiya ta tashi tana bubbuga kunnenta. "Mama, wannan ya rufe."

Na kira Baba, na sake kira, ba a ɗauka. Har haushi na ji, ina cewa tsohon nan ya sake manta waya a wata rigar. Ashe yana kwance.

Jiyan ba mu samu motar zuwa likita ba. Yanzu muna tashar Buza, direba ya ce ba ya tashi sai ta cika. Rakiya na tambayata ko kunnen zai buɗe. Tsoro nake ji, jama'a, kuma wanda zan tambaya ana haƙa kabarinsa.

Allah shi saka maka da alherin da ka yi muna, Baba. Allah shi ba iyalinka haƙuri.

Ko masallaci kuke zuwa ko majami'a, ku sa shi a addu'a. Ku sa Rakiya ma, Allah shi sa ba mu makara ba.