Ɗan Azumi, Mai Gwada Bindigar Maƙeran Gabi

Da an sallame sallar asuba, Ɗan Azumi kan rataya igiyarsa ya nufi gindin wata tsamiya a bayan garin Gabi. Shekara talatin da 'yan kai, duk maƙerin da ya fito da sabon samfurin bindiga ba ya ƙera ta biyu sai ta bi ta hannunsa. Yakan ɗaure ta a jikin itacen, ya zarga igiya a kunamarta, ya laɓe bayan tudu ya ja. Ya zo ya shafa bututun, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya sake ɗurawa. Wadda ta jure, a ƙera wa maharba. Wadda ta gaza, a mayar da ita wuta.

Shekarar da ɓarayin shanu suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, maƙeri Mansur ya fito da wata mara nauyi, samari ashirin na jiran tasu. Ɗan Azumi ya harba ta sau shida, ya ce akwai tsaga a cikinta, ido bai gani amma kunnensa ya ji.

"Haba Baba!" in ji wani saurayi, Ɗan Baba, a gaban jama'a. "Ana kwashe muna shanu kana sauraren ƙarhe? Igiya ba mutum ba ce. Ba ni in halba da kaina."

Har ya miƙa hannu, tsohon ya riga shi.

"Kai kana da ɗiya ƙanana. In kahwaɗa kuke so, ga tawa."

Ya sa kowa ya ja baya, ya ɗora ta a kafaɗarsa, ya ja kunama. Bututun ya tarwatse. A amalanken jaki aka kai shi asibitin Madarumfa, matarsa Nana na biye tana salati. Ya dawo babu yatsu uku a hannun dama, babu idon dama. Ran nan Mansur ya sa guduma ya murƙushe ragowar bindigar, yana hawaye.

Da hagu ya ci gaba da aikin, har ƙarar albarushi ta cinye kunnuwan. Bara ya ajiye aikin, kuma har yau ba wanda ya gaje shi. Ɗan Baba ne ke nome masa gona.

Baba Ɗan Azumi, bango madafar bayi, kai ne ka ba da hannunka don na wasu su tsira. Samarin nan ashirin na noma da yatsunsu cif. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna.

Ku masu sana'a, kada ku saki abin da ba ku gwada ba, ko gari duka zai zage ku. In kuma hanya ta kai ku Gabi, kada ku yi masa sallama daga nesa, ba zai ji ba. Ku matsa, ku durƙusa, ku kama hannun nan mai yatsu biyu.