Hanyar da Motata ta Zana Zuwa Gazara

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, shekaru uku da suka wuce, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Ikara, kullum ina zuwa daga Kudan a farar motar da yayana ya bar mini. Daga waje aka shigo da ita, taswirar allonta ba ta san ƙasarmu ba, sai dai ka ga 'yar kibiya tana yawo cikin fili fayau.

A lokacin kakata Iya tana kwance, kullum cewa take, "A kira mini yarinyar nan." In na zo sai ta kau da kai. Sai daga baya muka gane 'yarta ta fari take nufi, wadda kunya ta hana ta faɗin sunanta. Wannan goggon tawa ta auri Kirista tun ba a haife ni ba, aka yanke zumunci, ni ko sunanta ban sani ba, balle garinta.

Wata Laraba da hantsi allon ya nemi izinin sabunta manhajar motar. Na haɗa ta da datar wayata, na bar ta a inuwar mangwaro na shiga aji. Da na fito, ikon Allah! Taswira ta cika da hanyoyi har da na gona, ga shuɗin layi an riga an ja, a ƙarshensa an rubuta: Ladi.

Na yi bismillah na bi. Na wuce Makarfi, na ratsa gonakin rake masu kaɗawa kamar ruwa, har wani ƙauye a Gazara inda ake dafa mazarƙwaila. Wata dattijuwa na zaune a ƙofar gida da ƙullin kaya a cinya, goshinta sak na babana.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ko ke ce Ladi?"

Ta ce, "Ke 'yar Sani ce, ko? Kin daɗe, 'yata. Tun safe na ɗaure kayana."

"Goggo, wa ya ce miki zan zo?"

"Oho. A jikina na ji kawai."

Kafin la'asar tana gaban Iya. Iya ta shafa fuskarta, ta ce, "Kin ci abinci?" Daga hannunta ta sha kunu ranar, bayan kwana biyu ba ta karɓi komai ba.

Washegari allon ya koma fayau. Mai gyara a Zariya ya duba ya ce sabuntawar ta na'urar sanyi ce kawai, babu taswira a ciki. 

Ku dai, in akwai sunan da tsofaffinku ba sa iya faɗi, ku tambayi wanda ya sani tun suna numfashi.