Ramukan Maɓallin Inna

Abin da ya rage mini na hannun Inna riga ɗaya ce, farar taguwa da ta ɗinka wa Baba tun muna Gangara. Da ta rasu aka raba kayanta sadaka, har allurai. Baba ya ninke rigar ya ba ni, ya ce shi ba zai iya sa ta ba kuma.

Ba yadin ne abin kallo ba, ramukan maɓallin ne. Inna ba ta yarda da keken ɗinki a wannan wuri ba. Sai ta zagaye wurin da ƙananan ɗinki tukuna, ta soke allura a ƙarshen inda za ta tsaga don kada reza ta zarce, sannan ta tsaga. Ta goga wa zare kakin zuma, ta kwantar da wani zare mai kauri a bakin tsagar, ta bi ta kansa, kowane suka da ƙullinsa a leɓe. In ka shafa sai ka ji kamar ƙwayar gero a jere. Ta koya mini, amma nawa bai taɓa kama nata ba. Duk sanda kewarta ta taso mini, in ɗauko rigar in bi ramukan da ɗan yatsa.

Ina da aminiya a Tanut, tare muka koyi ɗinki, kwano ɗaya muke ci. Ta buɗe shago kusa da tasha, tana son abin da zai bambanta ta da sauran teloli. Ta zo har gida ta ce, "Ƙawas, ara mini rigar Inna in kalla. Wallahi ido kawai zan sa."

Na ce, "Amana fa."

Ta ce, "Haba, uwarki ba uwata ba ce?"

Na ba ta. Bayan kasuwa ta dawo da ita a wanke a goge, har da turare. Tana tafiya na kai yatsa kan ramin farko. Ƙullin ya karkata dama. Inna bahaguwa ce, nata hagu yake kwanciya. Na duba na biyu, na duba na uku, har na wuya. Duk an warware su an sake, da zaren kanti mai ƙyalli.

Ko mayafi ban gyara ba na isa shagon. Ta fara rantsuwa, ta ga idona, ta sauke murya.

"To ya zan gane cikinsa in ban buɗe ba? Na buɗe ɗaya ban gane ba, na buɗe wani. Ai na mayar miki, har sun fi da kyau. Zare ne fa, ƙawas."

Wai zare ne. Da ɓarawo ne ya ɗauke rigar da na yi kuka na haƙura. Amma wadda ta yi zaman makoki a gefena, ta san abin da rigar take a wurina, ita ta zauna da reza ta tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ci mini rai, har yau bai daina ba.

Kuma ba ta gane ɗin ba. Da ta tambaye ni, da na faɗa mata a kyauta cewa hannun hagu ne.

Muna gaisawa a biki da suna, iyakarta ke nan. Rigar tana cikin akwati. Wani lokaci nakan ɗauko ta bisa sabo, yatsana ya kama hanya, sai in tuna hannun wa zan shafa, in mayar.