Ranar da Kava Ta Saɓa wa Kamisak

A ƙauyenmu na gindin Yasur, dutse mai aman wuta a tsibirinmu, kowane namiji yana shan kava da yamma, wato tataccen ruwan wata saiwa mai kashe jiki, kowa kuma yana sauraronta, amma mutum ɗaya ne take yi wa hira kamar abokin wasanta. Sunansa Kamisak. Mu sauran, in muka taru a nakamal, dandalin maza na ƙarƙashin babbar cediya, muka kwankwaɗi ƙoƙonmu, muka furzar da kurɓin ƙarshe da roƙonmu ga kakanni, sai kowa ya nemi saiwar da zai jingina ya yi tsit. Wani ya ji sanyi a ransa, wani ya tuna ubansa, mai sa'a ya samo baitin waƙa. Kamisak kuwa kullum da saƙo yake tashi. Gari na wayewa za ka hango shi tafe, gajere mai faɗin ƙirji, adda a hannu, yana neman wanda zai tare.

"Ka san abin da kava ta ce mini jiya?"

Ba ka sani ba, kuma ko kana so ko ba ka so sai ka sani. In kana sauri, to saurin naka ya ƙare.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda kava ke son mutumin nan. Ba ta taɓa ce masa ya je ya yi sassabe ba. Ita ce dai ta ce masa kada ya sake jinkar ɗaki a wata shekara, don ruwa ba zai yi yawa ba. Matarsa Lesbet ta kwashe daminar nan tana jera kwanoni a tsakar ɗaki. Ita ce ta ce masa bayansa ba na ɗaukar doya ba ne. Har ta taɓa ce masa farin zakaran maƙwabcinsa ya fi son zama a gidansa, maganar da sai da dattawa suka zauna a kanta.

Lesbet, doguwar mace mai ƙarancin magana da kaifin harshe, ba ta taɓa taka nakamal ba, kamar kowace mace. Amma ta san kava ciki da bai. Takan ce, tana goga rogo ba ta ko ɗaga kai ba, "Tsoho, in ka koma ka gaishe ta. Ka tambaye ta ko ta san inda ake samun itacen girki."

"Ke kam ba ki da ido na ciki," in ji shi.

"Na wajen ma ya ishe ni. Da shi nake ganin rufin nan."

Kada in zalunce shi, ba kullum yake zuba shirme ba. Akwai lokacin da wata tsohuwa mai ruɗewa ta ɓace, aka neme ta har aka gaji. Kamisak ya sha, ya yi shiru, ya miƙe tun kafin a watse ya ce a duba tsohuwar gonar gwazanta ta bakin rafi, wadda ta bari tun tana amarya. Can aka same ta zaune tana jiran mijinta da ya daɗe da rasuwa. Tun daga ranar muka rage dariya. Mukan ce mutumin nan dai akwai surutu, amma akwai abin da yake ji. Wannan yardar da muka ba shi ita ce ta zo ta yi ɓarna.

Kamisak yana da ƙane, Yaken. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kai ka ce ba daga gida ɗaya suka fito ba. Yaken siriri ne, mai sanyin hali, sai ya yini bai yi magana goma ba. Mahaifinsu shi ne mai riƙon dutsen iska na ƙauyenmu, dutsen da ake wankewa da ganyaye a roƙi iska ta yi sauƙi. Da tsohon zai mutu sai ya tsallake babban ya damƙa wa ƙaramin. Kowa ya san dalili. Dutse na son sirri, bakin Kamisak kuwa ba ya riƙe ko ruwa. Kamisak ya yi dariya a lokacin, ya ce dama kava ta gaya masa aikin ya yi masa kaɗan.

Sai babbar guguwa ta zo. Ta kwashe rufi, ta karya ayaba, ta tumɓuke doya, ta bar cediyarmu tsirara ba ganye ko ɗaya. Mutane suka shiga yunwa, rai ya ɓaci, kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi. Wata yamma kafin a sha, Kamisak ya miƙe a tsakiyar nakamal ya ce kava ta nuna masa komai. Wai Yaken ya taɓa dutsen da fushi a zuciyarsa, shi ya sa iska ta haukace.

Yaken bai musa ba. Ya kalli yayansa ya daɗe yana kallo. Washegari ya naɗe dutsen cikin ganye ya ajiye a gindin cediya, ya kwashi matarsa da 'yarsa ya koma wajen surukansa, can ɗaya gefen tsibirin kusa da garin Lenakel. Daga baya muka ji guguwar ta share tsibirai da dama har Port Vila, babban birnin ƙasarmu, inda ba wanda ya san Yaken balle dutsensa. Kunya ta kama ƙauye. Kamisak kuwa ya kafa doka a gidansa, kada wanda ya ƙara ambaton sunan nan a gabansa. Shekaru suka yi ta tafiya, duk suka yi furfura.

Lesbet ta bi dokar, ba ta taɓa yi wa mijinta maganar ba. Kaji take yi wa. Wata safiya, yana zaune yana wasa adda, ta fito tana watsa musu kwakwa tana cewa, "Ku ci, ku ci. Ku ba ruwanku. Ba ku da ƙanen da idonsa ya mutu. Ba ku da ƙanen da 'yarsa za ta kwashe shi zuwa Port Vila ya tafi ke nan, a binne shi cikin baƙi."

Wasa adda ya tsaya. Can kuma ya ci gaba, da ƙarfi fiye da da.

Washegari wani abu ya faru wanda ba mu taɓa gani ba. Kamisak ya fito, ya wuce mutane a hanya, bai tare kowa ba. Abokinsa Nasak, wanda suka yi kaciya tare tun suna yara, ya bi shi da gudu.

"Kai, mutumina, lafiya? Yau ba saƙo?"

"Kavar jiya ba ta nuna ba. Ɗanya aka tono."

Kwana ya sake zagayowa, ya ce ba a tace ta da kyau ba. Na gaba ya ce hayaƙin Yasur ya ɓata mata ɗanɗano. Mutumin da bai taɓa zargin kava ba ko a ranar zakara, sai ga shi yana yawon nakamal na ƙauyukan maƙwabta, wai ko tasu za ta faɗi wani abu dabam. Har irin mai ƙarfin nan da ke kwantar da mutum ya wuni yana layi ya nema ya sha. Ya rame, ido ya faɗa. A ƙarshe Nasak ya ritsa shi a gona.

"Wai me take ce maka ne haka?"

Kamisak ya duba hagu ya duba dama. "Magana ɗaya take ta nanatawa. Wai in tashi in tafi."

"Ina?"

"Kai ma ka sani."

"To ai kai ka ce mana ba ta ƙarya."

"Ban ce tana ƙarya ba! Cewa na yi ta cika naci."

Gaskiyar magana, tsoro yake ji. Yana son ƙanensa, kewarsa ta daɗe tana cin sa, kuma ya san in jirgin ruwa ya ɗauke shi zuwa Port Vila, shi ke nan. Abin da ba zai iya ba shi ne buɗe baki ya ce ya yi laifi. Sai ya tuna cewa al'adarmu ta yi wa irinsa gata. In za a yi sulhu, alade kake kaiwa, da babbar saiwar kava, da tabarma. A shimfiɗa su a fili, wakili ya yi jawabi a madadinka, a yanka, a tace, ku sha tare. Da an sha kuwa magana ta haramta. Gari na wayewa an wuce wurin, kai ba ka ce komai ba. Nan da nan fuskarsa ta washe. Ya zaɓi aladensa mafi girma, mai lanƙwasasshen haure, ya tono saiwar da sai mutum biyu suka ɗaga, ya naɗa Nasak wakili.

To ga abin da duk ƙauye ya sani ban da shi, tunda ya hana a yi masa maganar. Yaken, tun shekarar da ya bar mu, ya shiga cocin masu ibada ranar Asabar. Su kuwa ba sa cin alade, ba sa shan kava, ko kusa da su ba sa zuwa. Nasak ya so ya faɗa, Lesbet ta ja shi bayan ɗaki.

"In ka gaya masa zai ce kava ta janye maganarta. Rufe bakinka, ka bar shi ya je."

Haka suka hau a-kori-kura suka ratsa filin toka, alade na ta tsala ihu a baya, Kamisak na rungume da saiwa kamar jariri. Kuma don abin ya cika, ranar Asabar suka isa. Ƙauyen tsaf, ba alade ko ɗaya, mutane cikin fararen kaya sun fito daga coci ke nan. Aka sauke dabbar nan a tsakiyar fili tana kururuwa. Mata suka ja da baya suna toshe hanci, wani dattijo ya rufe fuska da hularsa don kada a ga yana dariya.

Yaken na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, idanunsa sun yi fari fat. A gefensa akwai akwati ɗaure da igiya. Nasak ya gyara murya ya fara jawabi, ya ambaci kakanni, ya ambaci hanyar da ke tsakanin gidaje biyu. Yaken ya ɗaga hannu.

"Nasak ne? Na gane muryar. Wa ya zo da aladen?"

"Yayanka ne."

Yaken ya juyo da fuskarsa, bai daidaita inda Kamisak yake ba, ya ɗan kauce gefe. Wannan kaucewar ta soki Kamisak har cikin rai.

"Yaya, sannu da hanya. Amma mu nan ba ma cin alade. Kava ma rabona da ita tun ranar da na baro gida."

Kamisak ya kalli Nasak, Nasak ya kalli sama. Ya kalli aladen, ya kalli saiwar, gumi ya karyo masa.

"To... to me zan ba ka?"

"Me ya kawo ka?"

"Kava ce ta ce in zo."

"Af, ita ce? To ta matso ta faɗi abin da ke bakinta, ina ji." Yaken ya yi ɗan murmushi, sannan murmushin ya gushe. "Wancan karon ma ita ka ce ta faɗa. Ni dai muryarka na ji, Yaya."

Aladen ma ya sarara da ihunsa. Kamisak, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba tun da ya koyi magana, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Ba wakili, ba ƙoƙo, ba saiwar da zai jingina. Ya durƙusa a kan ƙasa, gwiwoyinsa na ƙara.

"Na ji maganar a daren nan, na rantse na ji ta," ya ce. "Amma tun kafin in sha tana cikina. Tun ranar da Baba ya ba ka dutsen take cikina. Ba abin da ka yi wa iska, Yaken. Ni ne na yi maka ƙazafi a gaban mutane, na raba ka da gidan ubanka. Ka yafe mini, ƙanena."

Yana gamawa sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan tsofaffi mara daɗin ji. Yaken ya miƙa hannu yana lalube har ya samu kafaɗarsa, ya riƙe gam. Sannan ya muskuta ya matsa gefe, ya bar masa rabin tabarmar.

"Hau nan ka zauna, ƙasar akwai sanyi."

Kamisak ya hau ya zauna, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ya share hanci da bayan hannu, idonsa ya faɗa kan akwatin.

"Yaushe ne jirgin?"

"Jibi. Wannan kam ba makawa." Yaken ya dafa akwatin. "Akwatin nan tun bara yake ɗaure. Duk jirgin da ya zo sai in ce wa 'yar nan tawa ƙafata ce, ko cikina ne, ko teku ba kyau. Har ta yi fushi ta ce da kanta za ta zo ta ɗauke ni. Ka daɗe, Yaya. Ƙaryar tawa duk ta ƙare."