Keken Lantarkin da Jikata Ta Ƙera

Na riƙe hannun jikata Asma'u, maimakon lalle sai na tarar da tabon walda. Ta zo Wurno da keke mai ƙafa uku, mai aiki da batir, wanda ta ƙera a ɗakin gwaji na jami'arsu.

Tun da gwiwoyina suka gaza na daina zuwa gonar albasata, domin ba na roƙon kowa ya kai ni.

Na ce, "Mi zan yi da shi? Ban son direba."

Ta yi dariya. "Inna, wa ya isa ya tuƙa ki? Na sassauto da matakin saboda zanenki. Hau ki ja abinki."

Kwana uku tana koya mini. Yau ni kaɗai na isa gona.

'Yan'uwa, akwai wadda ta koyi tuƙi da furfura kamar ni?