Kujerar da Fadl Ya Ja Tamau

Fadl Bahaushen Sudan ne. A Wad Madani ya tashi yana saƙa angarib, gadon nan na igiya, kuma a wurinsa igiyar da ba ta yi tauri ba aikin rago ce. Da wannan hannu ya shigo Alƙahira, ya kama wani lungu a unguwar Abbasiyya yana gyaran kujeru, ana ce masa usta, wato gwanin sana'a. Mutumin kirki ne, amma taurin kai kam, sai addu'a!

Damuwarsa ɗaya ce, matarsa Amna. Ciwon baya ya hana ta barci, kwanciya azaba, zama azaba. Kullum sai ya ƙara ja mata igiyar gado, wai tauri ne magani. Ina!

A shekarar 2013 wata dattijuwa, Hajja Arwa, ta kawo masa kujerar marigayi mijinta, ƙirar Brazil, tun ta shekarun sittin. Gajera ce, mai baƙin katako, matasanta na kwance bisa ɗamarun fata da suka yi sako-sako. Ɗamara ɗaya ce ta tsinke.

"Wannan masassaƙi bai gama aikinsa ba," in ji Fadl. Ya huda sababbin ramuka, ya ja ɗamarun duka tamau.

Hajja na zama ta miƙe zumbur.

"Ya usta, ka kashe ta! Da gangan aka sake ta, don ta rungumi mutum."

Ya so gardama, amma ya ga ƙwalla a idonta. Ya ce ma'alish, wato ta yi haƙuri, ya mayar da kowace ɗamara tsohon raminta yana gunaguni. Da ya zauna gwaji, sai ya ji bayansa ya nutse, kafaɗunsa sun sauka. Nan take Amna ta faɗo masa a rai. Kunya ta kama shi, tausayi ya cika shi. Ashe shi yake ƙara mata ciwo.

Ya auna kujerar kafin a ɗauke ta, ya tara ragowar katako da fata ya yi irinta. Wahalar ba ta sassaƙa ba ce, ta hana hannunsa ja ce.

Bayan la'asar ya kai ta gida. Amna ta kalle ta sheƙeƙe, ta zauna a hankali.

"Wai kai ka yi wannan? Ai ba ka ja..."

Ba ta ƙarasa ba, barci ya ɗauke ta. Fadl ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya je ya kashe rediyo.