Na Yi Satar Ido a Gwajin Likitar Gashin Ƙashi

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara hamsin da 'yan kai, ina sarin kifi a ƙauyukan bakin tafkin Kainji, in kawo Yelwa in yi banda in sayar. Tun ina budurwa nake shiga jirgi. Katakon nan da ake gittawa daga tudu zuwa jirgi, wanda maza ma sai sun ware hannuwa, ni nakan haye shi da daro cike a kai ina amsa gaisuwa. Ina ji da ƙafafuna ƙwarai, har nakan yi wa ƙawayena dariya in na ga ana riƙe musu hannu.

Wata damina kabu-kabu ya zame da ni, idon sawuna na hagu ya karye. Na yi wajen wata biyu da filasta, da aka cire sai aka tura ni sashen gashin ƙashi. Likitar da na samu yarinya ce sa'ar ɗiyata, mai fara'a, Inna take kirana. Ta koya mini motsa ƙafar, ta kuma ba ni sanda, wadda na tsana tun ranar farko. Ana cikin haka sai ga waya daga wani ƙauye a ƙasar Ngaski: ɗiyata ta uku, wadda ta shekara tara a ɗaki ba ta taɓa ko ɓari ba, ta sauka lafiya, an samu namiji. Na yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Amma da murna ta lafa sai na dubi sandar nan, na ce a raina ba zan shiga gidan surukai ranar suna ina dogarawa kamar tsohuwa ba.

Na je na roƙi likitar ta raba ni da sanda. Ta ce wannan ba da baki ake yanke shi ba, sai ta gwada ni. Ta fara da tambaya ko na taɓa faɗuwa a gida tun da aka cire filasta. Na faɗi sau biyu, ɗaya a banɗaki, ɗaya ina tasowa daga alwala, amma na ce mata ko tuntuɓe ban yi ba. Ban kuma gaya mata na haɗiyi maganin ciwo ninki biyu da safen nan ba. Ta zaunar da ni a kujera, ta ce in tashi ba tare da dafa komai ba, in taka zuwa wani layi da aka ja a ƙasa, in juyo in zauna, ita kuma tana duba agogo. Na cije na yi. Ta tsayar da ni gefen bango inda aka manna awo, ta ce in miƙa hannu gaba iyakar iyawata kada in ɗaga ƙafa. Da ta sunkuya tana karanta awon sai na ɗan jingina kafaɗa da bangon. Ta ɗora ni kan wani soso mai kauri ta ce in rufe ido. Na rufe, amma na bar 'yar kafa ina kallon siminti ta ƙasan gashin ido. Da aka zo tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa, dogon hijabina ya rufa mini asiri, domin babban yatsan ɗaya ƙafar yana ƙasa.

Ta daɗe tana kallon takardarta, ta ce sakamakon ya ba ta mamaki, ta sake tambayata maganar faɗuwa. Na sake musawa. Ta ce to, a cikin gida da shimfiɗaɗɗen wuri zan iya ajiye sanda, amma a jirgi da bakin ruwa in riƙe abata, kuma a kama mini hannu. Rabin farko kawai na ɗauka na taho da shi.

Ranar suna na jingine sandar a bayan ƙofa. Maigidana ya tambaya, na ce likita ta sallame ni. Muka shiga jirgi ni da ƙanwata da ƙawayena na kasuwa, muna ta waƙa har muka isa. Dangin mijin ɗiyata sun cika bakin ruwa suna jiranmu. Ƙanwata ta ce in ba ta daron kayan barka, na ce ai kaka ce za ta shiga da shi a kanta. Na kai tsakiyar katako ke nan sai wani jirgin inji ya wuce, ruwa ya motsa, namu ya yi rangaji. A da ƙafata da kanta take gyarawa kafin in ankara. Ran nan sai na ji kamar ba tawa ba ce, ban san inda ta taka ba. Sai ji na yi tsundum, ruwa har ƙirji. Yajin jego ya bazu ja wur a saman ruwa, sabulai suka nutse, atamfofi suna yawo. Masunta biyu ne suka tsamo ni. Da aka ga ban ji ciwo ba sai wuri ya ɓarke da dariya, ni ma na taya su. Da zanen uwar mijin ɗiyata na shiga gidan, zanen ma da ƙyar ya wuce mini gwiwa, mata suna ta tsokanata wai amarya ta yi wanka a hanya don ango ya gan ta fes.

Ina zaune kan tabarma aka ɗora mini jikana a cinya. Na yi ta kallonsa ina kiransa maigidana, ina cewa ya daɗe bai zo ba. Can sai aka ce kaka ta tashi ta miƙa shi ƙofar zaure wanzami yana jira. Na yunƙura da shi a hannu, ƙafar ta sake yin wannan abin, na yi maza na koma zaune na ce ƙanwata ta karɓe shi. Da ban faɗa ruwa ba, da na miƙe da yaron nan gaba gaɗi, ɗan kwana bakwai, wanda aka shekara tara ana roƙon Allah. Na fashe da kuka, mutane suka ɗauka na murna ne.

Da na dawo na tafi wurin likitar na zayyane mata komai, har da yatsa da hijabi. Ta yi dariya har biro ya faɗi daga hannunta, ta ce dama ta ga hijabin yana motsi, kunyata ta ji. Daga nan ta gyara fuska ta ce, "Inna, ba jarrabawa nake miki ba. Da abin da na gani nake zaɓar aikin da zan ba ki. In kin ɓoye mini, ciwon da babu shi zan yi ta yi wa magani." Ta bayyana mini cewa bayan karaya ƙafa takan daina sanar da kai inda ta taka, ido ne yake rufa mata asiri, shi ya sa ake cewa a rufe shi. Muka sake gwajin da gaskiya, na naɗe hijabi a kugu. Ina rufe ido a kan soson, kafin ta ƙirga uku na faɗa jikinta.

Ta ba ni aikin gida: tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango ido a rufe, tafiya diddige na taɓa yatsa, tashi da zama a kujera. Maigidana, wanda na nemi gafararsa kan ƙaryar da na yi masa, shi ya zama alƙali. Bayan sallar asuba zai ɗauko waya yana ƙirga mini daƙiƙa, ya sunkuya yana leƙen idona ko ina sata, mu yi ta dariya kamar sababbin aure. A kasuwa ma sai abin ya zama gasa, mata manya-manya muna tsaye da ƙafa ɗaya a bayan murhun banda. Ta haka muka gano wata ƙawata ba ta iya ko ɗagawa. Na ja ta asibiti, ashe ciwon suga ne ya fara kashe mata tafin ƙafa ba ta sani ba.

Bayan wata huɗu likitar ta sake gwada ni, ta rubuta sabon sakamako kusa da na gaskiyar farko ta nuna mini, ta ce yanzu ta yarda in ajiye sanda. A makon nan na koma Ngaski. Na goya jikana na zaga tsakar gida da shi ina yi masa waƙa, yana jan ɗankwalina, uwarsa tana bakin murhu tana murmushi. Ban taɓa jin daɗin tafiya da ƙafata kamar ranar ba.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya ruɗin wanda yake auna shi, amma jikinsa yana nan yadda yake. 'Yan uwana, musamman mu da muka fara manyanta kuma muka saba a ce muna da ƙarfi, in an ce ku tashi daga kujera, ko ku rufe ido, ko ku ɗaga ƙafa, kada ku ce wasan yara ne, kuma kada ku yi dabara. In kun faɗi a gida, ku faɗa. Ni Allah ya dube ni, yaji da sabulu kawai na rasa, aka yi dariya aka tashi. Ba kowa zai faɗi a ruwa mai iya ƙirji ba, kuma ba kowa ne zai kasance daro kawai ya ɗauko ba.